Kuben Bahago

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman London waɗanda shekaru suka goge, har in an tuna mini sai in tsaya ina lalube. Amma akwai guda ɗaya da ba zan manta ba har ranar da ƙasa za ta rufe idona, kuma ko yau in na tuno tsakiyarsa sai in ji zuciyata ta taso, sai na yi a'uziyya ta kwanta. A shekarar da aka yi iskar nan ne, wadda muka wayi gari ranar Juma'a muka tarar ta tuge manyan itatuwa ta shimfiɗe su a kan tituna, jiragen ƙasa suka tsaya cak, rufin gidaje ya watse a bakin hanya. Duk wanda ya zauna London a lokacin ya san shekarar da nake nufi.

Ina zaune a Plumstead da matata da ɗanmu na fari, a wani flat da ke hawa na biyu, ina aiki a masana'antar motoci da ke Dagenham, sashen da ake gwada ƙarfin ƙarafa. Kullum da safe in haye kogi ta jirgin fito na Woolwich, da yamma in dawo ta nan.

Kafin in shiga labarin sai na faɗi wani abu game da kaina, don in ban faɗa ba ba za a gane komai ba. Ni bahago ne, haka Allah ya halicce ni. Amma da wuya wanda ya zauna da ni ya gane, domin tun ina ƙarami aka yi wa hannun nan nawa tarbiyya. A makarantar allo duk sanda na ɗauki alƙalami da hagu sai na ji saukar bulala a bayan hannu, har na koyi rubutu da dama, kuma alhamdu lillahi ajamina ya yi kyau, har yau da shi nake rubuta abin da ya shafe ni. Ci da dama, sha da dama, gaisuwa da dama, miƙa abu da karɓarsa da dama, duk na riƙe, kuma ban taɓa jin haushin waɗanda suka koya mini ba, ladabi ne na addini. Sai dai mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne. Ranar da ya fara miƙa mini bindigar toka a dawa ya ga na kai ta kafaɗar hagu, bai ce in sauya ba. Ya dube ni ya ce, "Tuwo da dama, alƙalami da dama. Wannan kuwa, riƙe ta da hannun da kake da iko da shi, don in ta kuɓuce ba ta tambayar wa ta sama."

A wurin aikinmu akwai wani dattijon Bature mai ƙaton gashin baki. Wata rana lokacin shan shayi ya ji ina ba da labarin farautar mahaifina, sai ya gayyace ni kulob ɗinsu na harbi, can bayan gari a wani tsohon rami da aka haƙi tsakuwa. A wancan zamani doka ba ta hana mutum mallakar ƙaramar bindiga ba, in dai yana cikin kulob kuma 'yan sanda sun bincike shi sun ba shi lasisi. Na bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sanda ya zo har gida ya duba akwatin ƙarfen da na kafe a bango, matata ta kawo masa shayi tana hararar mu biyun. Ni kaɗai ne baƙar fata a kulob ɗin. Ga shi a bazarar shekarar wani mutum ya yi mummunar ta'asa da bindiga a wani ƙaramin gari, kowa yana kallon masu harbi a karkace. Ga takardun zamana suna ofishin shige da fice na Croydon ana dubawa. Na san sarai cewa kuskure ɗaya na yi da makami a hannu, ba sunana kaɗai zai ɓaci ba, har da na Baturen nan da ya tsaya mini a gaban mutanensa.

Da aka sa ranar gasar ƙarshen shekara, Baturen ne ya ce lokaci ya yi da zan shiga. Ba irin gasar da mutum zai tsaya ƙiƙam ya miƙe hannu ba ce. Bindiga tana ƙugunka cikin gidanta, a yi ƙara, ka zaro, ka harbi allunan da ke gabanka, ka matsa zuwa na gaba, ana duba saurinka da saitinka. Saboda haka gidan nan nata shi ne rabin aikin. Turawa suna da sunan da suke kiransa, ni dai kube nake ce masa, kamar na wuƙa ko na takobi. Kuma yana da sharuɗɗa. Dole ya rufe kunamar bindiga yadda yatsa ba zai kai gare ta ba. Dole bakinta ya dubi ƙasa. Dole ya riƙe ta ko mutum ya yi gudu, ya kuma sake ta in an ja. Sannan dole ya zauna a gefen hannun da mutum yake harbi da shi, mariƙin yana duban baya.

Duk watannin da na yi ina koyo, da kuben aro na koya, na wani bahago ɗan kulob ɗin. Sai aka yi masa canjin wurin aiki, ya kwashe kayansa ya tafi. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na je wani babban shagon kayan harbi a tsakiyar gari. Bango guda cike da kube: na fata, na roba mai tauri, na yadi mai kauri, wani mai maɓalli, wani buɗaɗɗe. Na daɗe ina juya su ina tambaya, mai shago yana bayani. Na yadi ya yi laushi, yana lanƙwashewa in za a mayar da bindiga. Mai maɓalli yana cin lokaci. Har na tsai da raina a kan wani na fata mai buɗaɗɗen baki, sai na ce masa na hagu nake so. Mutumin ya sosa ƙeya. Duk bangon nan babu na hagu ko ɗaya. Ya ce sai dai a aiko daga Amurka, kuma ba zai iso ba sai bayan sabuwar shekara, gasa kuwa ta wuce.

A nan ne Baba ya shigo labarin. Dattijo ne mutumin Kumasi, haifaffen zango, baduku ɗan baduku. Yana da ɗan shago kusa da kasuwar Woolwich inda yake gyaran takalma da jakunkuna, yana yanka makullai. Tare muke sallar Juma'a a wani gida da aka mayar masallaci, kuma kowa Baba yake ce masa. Shi ya yi wa ɗana huɗuba. Matarsa, Hajiya, ita ta zauna da matata lokacin jego. Ba bare ba ne a gare ni, uba na ɗauke shi. Hausarsa irin ta zango ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai "shi" ne.

Da na ba shi labari bayan sallah sai ya kama haɓa. "Malam, kana da baduku a gida, za ka je roƙon Amurka? Kakana ya ɗinka kuben takobi da na mashi. Ni ɗan ƙaramin bindiga zai gagare ni? Kawo shi in gani."

Na ce, "Baba, ba a yawo da ita a titi. Sai dai in sassaƙo maka irinta da itace."

Itace kuwa a makon nan ba ya wuya. Na tsinci wani busasshen reshe cikin waɗanda iska ta zubar a bakin filin unguwarmu, na kai wurin aiki na auna, na sassaƙa, na goge, har ya fito daidai da bindigata tsawo da kauri. Sannan na ɗauki alƙalami na rubuta "hagu" da ajami a jikinsa, gefe da gefe, manya-manya, na sa wasali don kada a ce ba a gane ba. Na kai masa shago, na jera masa sharuɗɗan nan duka. Ya ce ƙirgi zai sa, fatar shanu mai kauri, ya jiƙa ta ya matse a jikin itacen har ta ɗauki siffa.

Na ce, "Baba, ka ga abin da na rubuta a jiki?"

Ya gyara tabarau ya karanta. "Na gani. Hagu." Ya ɗago kai. "Kai bahago ne?"

"A wannan kaɗai, Baba. Da shi na koya."

Ya dube ni, ya dubi itacen, ya ce, "To."

Na fita ina murna. Ni Bahaushe, wanda ya tashi yana jin "to" iri-iri, da na yarda da na jin magana da na rabu da ni, ban tsaya na saurari wanne ne wannan ba.

Daga nan sai jira. In na leƙa ya ce fata ba ta bushe ba. In na koma ya ce zare ya ƙare. Na ce ina so in gwada shi kafin ranar gasa, ya ce, "Kana shakkar aikina?" Wa zai ce wa dattijo eh? Haka ya ja ni har safiyar Asabar ɗin gasar. Baturen ya zo ɗaukata da motarsa, muka tsaya ƙofar shagon, Baba ya fito da abu naɗe cikin jarida an ɗaure da zare. Na kawo maganar ladan aiki, ya daka mini tsawa ya ce kyauta ce ta uba ga ɗa. Ya riƙe hannuna ya yi doguwar addu'a, muka shafa, Bature yana duban agogo.

A cikin mota na kwance. Gaskiya ita ce, aiki ya yi kyau. Ja wur, ɗinki a jere kamar haƙoran mataji, an yi masa ƙananan zane a baki, ƙamshin sabuwar fata ya cika motar. Baturen ya saci kallo ya yi fito, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Na ji kaina ya yi girma. Kube a hannu kuwa, in bai hau ƙugu ba, ba kowa ke lura da gefensa ba, balle mai murna.

Muka isa, mutane sun cika, sanyi yana shiga ƙashi. Akwai wani tebur a gefe inda ake ɗaura kaya, ba a zuwa wurin da harsashi. Na zura bel ɗina cikin kuben, na ɗaura a ƙugun hagu, na saka bindiga. Ta shige sumul. Na kai hannu zan kama mariƙi, sai na ji wayam. Na duba ƙasa. Mariƙin yana duban gaba.

Na cire, na juya, na sake zurawa. In na gyara mariƙi, madaurin bel ya koma waje. In na gyara madauri, mariƙi ya dubi gaba. Na mayar da shi ƙugun dama, sai ya zauna ɗas, kamar a nan aka haife shi.

Mai kula da fili, wanda ke duba kayan kowa kafin a fara, ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce da wane hannu nake harbi. Na ce hagu. Ya ce to wannan na dama ne, kuma ba zai bar ni in zaro bindiga mai harsashi a juye ba, don bakinta zai ratsa jikina ko na wanda ke kusa. Gaskiyarsa. Baturena ya zagaya yana tambaya ko akwai mai kuben hagu, babu. Ya dawo ya ce ko zan gwada da dama. Na gwada a teburin nan, bindiga babu komai a ciki. Na zaro, hannun ya kama ta a karkace. Na sake, sai na ga yatsana yana laluben wurin zama kusa da kunama tun bakinta bai bar gefen ƙafata ba. Maganar mahaifina ta faɗo mini. Na mayar da ita akwati na kulle, na je na ce a cire sunana.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma akwai wani mai jar fuska, wanda dama tun zuwana kulob ɗin bai taɓa amsa gaisuwata da kyau ba. Ya ɗauki kuben yana juyawa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Kyakkyawa kuwa. A can wajenku ba a koya muku bambancin hagu da dama ba ne?" Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Ni da aka koya wa bambancin hagu da dama da bulala tun ban san sunan garinmu ba! Ni da ko shiga masallaci da shiga banɗaki kowanne da ƙafarsa! Yinin nan duka na yi shi ina bin masu harbi a baya ina liƙe ramukan da suka huda a alluna, hannuna ya ƙage don sanyi. A hanyar dawowa, da muka hau jirgin fito, Baturen ya ce kada in damu, kuskure ne, kowa yana yi.

Ni ma haka na ɗauka. Na ce tsufa ne, ya kifa fatar ta wancan gefen wajen yanka. Har na shirya yadda zan faɗa masa a hankali don kada ya ji kunya. Ranar Litinin da na taso aiki na biya shagon, na same shi yana buga dunduniyar wani takalmi.

"A'a, Malam! Yaya gasa? Ka cinye Turawa?"

Na ajiye kuben a gabansa. "Baba, an samu kuskure. Na dama ne."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ba kuskure ba ne. Ni na gyara maka."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Ka gyara me?"

Ya ajiye guduma. "Kai ɗan Musulmi, mai karatu, wanda ke jan mu sallah in liman ba shi nan. Za ka tsaya gaban Turawa ka miƙa hannun hagu kowa na kallo? Su ce haka Musulmi suke? Na ce wannan yaro yana jin kunya ya bar tsohon hali, bari in taimake shi. In ya ga kube na dama a jikinshi, dole ya yi da dama, daga nan ya saba."

Wallahi ban san sanda muryata ta tashi ba. "Baba, bindiga ce fa! Ba cokali ba ce! Da na bi taka na harbi ƙafata, ko na wani, me za ka ce wa matata? Me zan ce a Croydon?"

"Allah shi ke tsarewa."

"Allah ke tsarewa, amma bai ce a rufe wa mutum ido a tura shi ba. A wane littafi ka ga an hana bahago riƙe makami da hagu? Abin da muka karanta ci ne da sha da gaisuwa da makamantansu. Kuma ko da haramun ne, ba sai ka faɗa mini a fuskata ba? Na rubuta maka. Na karanta maka. Ka ce to!"

Ya dube ni ta saman tabarau, hankalinsa kwance, ya ce, "Na ce to. Ban ce zan yi ba."

Wannan magana ita ta fi ƙona mini rai, fiye da dariyar mai jar fuska. Wato tun ranar farko ya yanke hukunci. Fatar da ba ta bushe ba, zaren da ya ƙare, addu'ar nan mai tsawo a bakin mota, duk yana sane. Ya riƙe ni har lokacin da ba ni da mafita, da gangan, kuma yana ganin lada ya samu. Ya mai da ni yaron da ake ɓoye wa magani cikin koko, ni da iyali, ni da aiki. Na bar masa kubensa a kan tebur da itacen, na fita ban yi sallama ba.

Matata ta ce in yi haƙuri, don Allah ya yi. Na ce don Allah ake faɗa wa mutum gaskiya. Ban ƙaurace masa ba, tunda addini ya hana. In mun haɗu a masallaci in gaishe shi, ya amsa, in wuce. Amma na daina zama shagonsa, takalmana ma wani wuri nake kaiwa. Shi kuma bai taɓa cewa ya yi ba daidai ba. Na sa aka aiko mini da kube daga Amurka, ya iso daga baya, baƙi, mai tauri, babu kyan gani. Da shi na shiga gasar bazara, da waɗanda suka biyo baya. Ban zama gwani ba, amma ban taɓa yin abin kunya ba, kuma mai jar fuska ya gaji ya yi shiru. Sai dai gasar farko guda ɗaya ce, ba a maimaita ta.

Shekaru suka tafi. Aka yi musibar nan ta kashe yara 'yan makaranta a Scotland, gwamnati ta hana riƙe ƙananan bindigogi. Na ɗauki tawa na kai ofishin 'yan sanda na miƙa, ban yi gardama ba, don ni ma uba ne. Kulob ya watse. Na ɗauka maganar kube ta mutu ke nan.

Ba a daɗe ba Hajiya ta bugo waya gidanmu, ta ce da ni take son magana. Na san Baba ya kwanta asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye, har na je dubiya cikin jama'a na tsaya daga baya. Abin da ban sani ba shi ne tunda aka sallamo shi ba ya cin abinci sai an ba shi a baki, kuma ya fara ƙin karɓa. Ɓarin dama ne ya mutu. Hagu lafiyarsa ƙalau, amma ya rantse ba zai kai shi bakinsa ba. Ta ce, "Ɗana, kai ka san maganar hagun nan. Zo ka yi masa magana, yana ƙarewa."

Ba zan ce sakayya ce ba, Allah ya tsare ni da faɗin haka, cuta tana kan kowa. Na je na same shi a kujera kusa da taga, ya rame, ga tuwo da miyar ayoyo a gabansa sun huce.

Ya ce, bakinsa a ɗan karkace, "Ka zo dariya?"

"Na zo dubiya, Baba."

Na zauna na faɗa masa abin da shi ma ya sani, cewa mai larura ba shi da laifi, kuma Wanda ya karɓi dama shi ya bar masa hagu, ƙin amfani da shi ba tsoron Allah ba ne. Na faɗa masa a fuskarsa, ban zagaya ba, ban kuma sa Hajiya ta yi masa dabara ba. Ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya yi bisimilla, ya kai hagu ya gutsuro loma. Rabi ya zube a riga. Hajiya ta juya baya tana share ido. Ya ci loma ta biyu, ta uku.

Da ya wanke hannu sai ya ce mata ta ɗauko jakar da ke ƙarƙashin gado. A ciki ga itacen nan nawa, rubutun "hagu" ya dushe amma ana karantawa. Ga kuma fata an yanka, an matse ta ta ɗauki siffa, an huda ramukan ɗinki, ba a ɗinka ba. Na juya ta. Ta hagu ce.

"Tun shekaran nan na yanka shi," in ji shi. "Kullum in ce gobe zan ɗinka in kai maka. Sai in ce, ni zan bi yaro?"

Na ce, "Baba, ai bindigar ma babu ita. Na miƙa wa hukuma."

"Na sani. Ba bindiga na ɗauka wa alkawari ba. Riƙe mini nan."

Na riƙe fatar da hannu biyu, ya ɗauki basilla da hagu. Ya soka, ya kuskure rami, ya sake. Ba a zama ɗaya muka gama ba, sai da na yi ta zuwa bayan aiki. Ɗinkin ya fito a karkace, wani wuri a matse, wani a sake, ba ya ko kusa da na farkon a kyau. Ranar da ya ja zaren ƙarshe ya ciza da haƙori, ya sa itacen a ciki, ya ce in ɗaura. Na ɗaura a ƙugun hagu, na kai hannu, mariƙi ya faɗo cikin tafina.

Ya ce, "Malam, abin da na yi maka ba daidai ba ne. Da na faɗa maka a fili, ka yarda ko ka ƙi. Ka yafe mini."

Na ce, "To."

Ya zuba mini ido. "Wane irin to?"

Dariya ta kama mu, har Hajiya ta leƙo daga kicin. Na ce, "Na gaskiya, Baba. Na yafe, duniya da lahira."

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya gafarta masa. Kuben yana rataye a ɗakina har yau, da itacen a ciki. Abin da ya koya mini kuwa shi ne, in ka ga ɗan'uwanka a kan abin da kake ganin kuskure ne, ka faɗa masa a fuskarsa, ka bar shi da zaɓinsa, kada ka gyara shi ta bayan idonsa kana kiran abin taimako. Ni kuma tun daga ranar, in na ba mutum aiki ya ce mini to, ba na tashi sai na tambaye shi wanne ne.